Glenda Jackson: shekara 23 a majalisa, riba ce ko asara?

Tsohon_Ɗan_Daɓe:
Assalamu alaikum 'yan uwa. A makon jiya na kalli The Great Escaper, fim na ƙarshe da Glenda Jackson ta fito a ciki tare da Michael Caine, wanda aka sake shi a watan Oktoba na 2023, wata huɗu bayan rasuwarta. Tun daren nan nake juya wata magana a raina, shi ya sa na kawo ta zaure. Wannan baiwar Allah ta ci lambar Oscar, babbar lambar yabon fim ta Amurka, har sau biyu, sunanta ya kai ko'ina a Ingila da Amurka, sai kawai a 1992, tana da shekara 55, ta ajiye sana'arta ta shiga majalisar dokokin Birtaniya, ba ta sake hawa dandamali ba sai 2016. A ganina ta yi asara, kuma ta ja wa masu kallo asara. 'Yan majalisa sun haura 600, kujerar da ta zauna a kai kuwa akwai mutum ɗari da za su iya zama su yi aikin, amma abin da take yi a gaban kyamara ba kowa Allah ya ba shi ba. Ina son in ji ko akwai mai hujjar da za ta sauya mini ra'ayi.

Uwar_Biyu:
Wa alaikumus salam, Baba. Kafin a yanke mata hukunci ya kamata a duba gidan da ta fito. An haife ta ranar 9 ga Mayu 1936 a Birkenhead, garin ma'aikatan jiragen ruwa da ke tsallaken kogi daga Liverpool. Mahaifinta birkila ne, mahaifiyarta tana aikatau da aikin kanti, ita ce kuma babba a cikin 'ya'ya mata huɗu. Ta bar makaranta tana da shekara 16 ta kama aiki a kantin magani na Boots, sai a 1954 ta samu gurbin karatu da tallafi a makarantar koyon wasan kwaikwayo ta RADA da ke Landan. Ko bayan ta gama ta sha zaman rashin aiki, har ta yi aikin raba abinci da tsaron kanti. Wadda ta taso a haka ba a tsakiyar rayuwa ta tsinci jam'iyyar Leba ba, da ita ta girma. Ni ban ga wata sabuwar hanya da ta kama a 1992 ba, gida ta koma.

Ɗan_Damagaram:
Ina goyon bayan Baba. Mai Oscar uku ta koma tana jayayya a kan kwalbati da motocin haya, ai abin takaici ne.

Malamin_Adabi:
Ƙanena Ɗan_Damagaram, a gyara lissafi: biyu ne, ba uku ba. Na farko ta same shi da Women in Love na 1969, wanda Ken Russell ya ba da umarni, na biyu kuma da A Touch of Class na 1973. An sa sunanta a takara wasu sau biyu, da Sunday Bloody Sunday da kuma Hedda, amma ba ta ci ba. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne duka bukukuwan biyu da aka ba ta lambar ba ta halarci ko ɗaya ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ƙyale-ƙyalen Hollywood bai taɓa shiga ranta ba, don haka barinsa bai yi mata nauyin da muke zato ba.

Ina kuma so in ja hankalin Baba zuwa ga tushen sana'arta, domin ba fim ne ya fito da ita ba. Wasan daɓe ne. Ta shiga kamfanin Royal Shakespeare a farkon shekarun 1960, kuma a 1964 mai ba da umarni Peter Brook ya ba ta matsayin Charlotte Corday, matar da ta kashe Marat, a wasan da ake taƙaita sunansa da Marat/Sade. Tsarin wasan shi ne majinyatan wani gidan masu taɓin hankali a Faransa ne ke kwaikwayon yadda aka kashe Marat, ɗaya daga cikin jagororin juyin juya halin ƙasar, a cikin bahon wanka a 1793. Ke nan aiki biyu ne a kanta a lokaci guda: ta zama majinyaciya mai ciwon barci, sannan majinyaciyar ta zama Corday mai riƙe da wuƙa. Akwai wurin da ake buƙatar ta yi wa mutum bulala, sai ta yi da gashin kanta. Daga Landan wasan ya tafi New York, aka kuma mayar da shi fim a 1967. Wanda ya horu a hannun Brook ya saba da ganin daɓe a matsayin wurin tsokano tunanin jama'a a kan mulki da zalunci, saboda haka tazarar da ke tsakanin wannan da majalisa ba ta kai yadda ake faɗa ba.

Tsohon_Ɗan_Daɓe:
Malam, na karɓi bayaninka, amma ka ƙara mini ƙarfi ne ba ka rage ba. Idan tana iya tsokano tunanin jama'a daga kan daɓe, me ya kai ta inda za a riƙa ba ta minti biyar ta yi magana a zauren da rabinsa babu kowa? Ku tuna Elizabeth R da BBC ta yi a 1971, kashi shida, inda ta ɗauki Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya tun tana budurwa mai tsoron a sare mata kai har zuwa mutuwarta a 1603. Ta aske gaban gashinta don goshinta ya yi faɗi irin na sarauniyar, ta ci lambar Emmy, ta shirye-shiryen talabijin, har biyu da wannan aiki. Gidaje nawa wannan shiri ya shiga? Wane jawabi nata na majalisa ne ya kai haka?

Gimbiyar_Fage:
Baba, da girmamawa, akwai tambayar da ba ka yi ba: wane matsayi ne ke jiran mace mai shekara 55 a masana'antar fim ta 1992? Ita da kanta ta sha kokawa a hirarraki cewa marubuta ba su ɗauki mace a matsayin wadda labari zai rataya a wuyanta ba, sai dai ta zama matar wani ko uwar wani. Ku duba jerin finafinanta da kyau. Tsakanin 1969 da 1980 ne kasuwarta ta ci sosai, har da House Calls da Hopscotch waɗanda ta yi da Walter Matthau. Bayan nan manyan finafinai suka fara ja baya, duk da cewa ta ci gaba da aiki a daɓe. Muna lissafa asarar shekara 23 kamar kowace shekara da wani Oscar ajiye yana jiranta, alhali mai yiwuwa abin da ta bari shi ne fitowa ta minti goma a matsayin surukar jarumi.

Hajiya_Mai_Littafi:
'Yata Gimbiya, maganarki tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta cika ba. Judi Dench da Maggie Smith duk an haife su a 1934, sun girme ta da kusan shekara biyu. Judi Dench ta fara fitowa a finafinan James Bond a 1995, ta ci Oscar a 1999. Maggie Smith kuwa tsufanta ne ma ya fi kawo mata masoya a duniya. Vanessa Redgrave, wadda suka fito tare a Mary, Queen of Scots a 1971, ta yi siyasarta mai zafi ba tare da ta bar sana'a ba. Ke nan ƙofar ba a rufe take ruf ba, kuma mai suna irin na Glenda da ba a rasa abin ba ta ba. Ni ina ganin zaɓi ta yi da idonta biyu, kada mu mai da shi dole don mu kare ta.

Ɗan_Damagaram:
Na gode da gyara, Malam. To ai ko a siyasar ma na ji an ce ministar al'adu kawai aka ba ta a zamanin Thatcher.

Mai_Bin_Siyasa:
Kuskure biyu ne a jimla ɗaya, ɗan uwa. Margaret Thatcher 'yar jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ce, ta sauka daga mulki a Nuwamba 1990, kuma ƙin manufofinta ne ma babban abin da Glenda ta ce ya tura ta takara. Lokacin da ta ci mazaɓar Hampstead da Highgate a Afrilu 1992, John Major ne firaminista, jam'iyyarta ta Leba kuma ta faɗi babban zaɓen, don haka shekara biyar ta yi a ɓangaren adawa. Da Tony Blair ya hau a 1997 sai ya ba ta ƙaramar minista a ma'aikatar sufuri, ba al'adu ba. Ta ajiye muƙamin a 1999 don neman tikitin Leba na magajin garin Landan, ta zo ta uku a zaɓen fid da gwani, Frank Dobson ya samu tikitin, Ken Livingstone kuma ya fita ya tsaya a matsayin ɗan takara mai zaman kansa ya lashe kujerar a 2000.

Idan ana maganar muƙami ne, to gaskiya Baba yana da hujja: shekara biyu a ƙaramar kujera, sauran kuma kusan duk a benci na baya, wato cikin 'yan majalisa marasa muƙami. Babu wata babbar doka da ake kira da sunanta. Sai dai ta zama ɗaya daga cikin waɗanda suka fi takura wa Blair daga cikin gida, musamman a kan yaƙin Iraƙi na 2003, har ta fito fili ta nemi ya sauka. Wanda ke neman ci gaba a jam'iyya ba ya yin haka. Ita ba ta da abin da za a ƙwace mata, domin sunanta ba jam'iyya ce ta yi mata shi ba.

Baƙon_Kilburn:
Salamu alaikum. Bari in kawo abin da ya faru da ni, domin na zauna a mazaɓarta. A 2010 ina karatu a Landan, ina haya a wani ɗaki a saman shagon sayar da kaji a unguwar Kilburn. A lokacin an sake shata iyakoki, mazaɓar ta koma Hampstead da Kilburn. Da yawa ba su san cewa ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, idan yana zaune a Birtaniya da izini, yana da damar kaɗa ƙuri'a ba. Na yi rajista, katin zaɓe ya zo ta wasiƙa, na jingina shi a kan firji. Ranar Alhamis 6 ga Mayu na dawo daga aikin dare, na ce bari in ɗan kishingiɗa, da na farka kuma sai na ce ƙuri'ata ɗaya me za ta canza. Washegari aka ce ta sha da ƙuri'a 42 kacal a kan Chris Philp na jam'iyyar masu ra'ayin riƙau, alhali kowannensu ya haura ƙuri'a 17,000. Na daɗe ina kallon katin nan a kan firji. A gidanmu kaɗai mu huɗu ne ba mu fita ba.

Abin da nake son Baba ya lura da shi shi ne aikin ɗan majalisa a can ba jawabi ne kaɗai ba. Akwai ranakun da yake zama a wani ɗaki a cikin mazaɓa, jama'a su yi layi da takardunsu: wannan an ba shi wa'adin tashi daga gida, wannan an yanke masa tallafi, wannan takardun zamansa sun maƙale. A lokacin mazaɓar tana da masu kuɗin Hampstead a gefe ɗaya da talakawan Kilburn a ɗaya gefen, tafiyar 'yan mintoci ce tsakaninsu. Wannan aiki ba ya shiga talabijin, kuma babu lambar yabo a kansa, amma wanda aka hana a fitar masa da kaya waje ba zai kira shi asara ba.

Mai_Faɗin_Gaskiya:
Ni kam akwai abin da kowa ke kewayewa. Finafinan da suka ɗaga ta, musamman na Ken Russell irin su Women in Love da The Music Lovers, akwai tsiraici a cikinsu, ita ma ta yi. Ya kamata a faɗa wa wanda zai je nema saboda wannan muhawara don kada ya kunna a gaban iyali. A wurina barin irin wannan aiki zuwa hidimar jama'a ba abin da za a yi wa kuka ba ne.

Malamin_Adabi:
Gargaɗin yana kan hanya, kuma na gode da ka kawo shi. Sai dai kada a ɗauka ta bar fim ne don nadama, ba haka ta bayyana dalilinta ba. Wanda ke son ganin gwanintarta tare da iyali ya nemi Elizabeth R ko Stevie na 1978, inda ta fito a matsayin marubuciyar waƙoƙi Stevie Smith. Akwai ma abin dariya a tarihinta: ana yi mata kallon mai tsanani wadda ba ta san raha ba, sai a 1971 ta fito a matsayin Cleopatra a shirin barkwanci na Morecambe da Wise. Wannan fitowa ce ta sa Melvin Frank ya gane tana iya ban dariya, ya ba ta A Touch of Class, wanda ya kawo Oscar na biyu.

Mai_Bin_Siyasa:
Baba ya tambaya wane jawabinta ne ya shiga gidaje. Akwai guda ɗaya. Thatcher ta rasu ranar 8 ga Afrilu 2013, aka kira majalisa daga hutu ranar 10 ga wata don yi mata ta'aziyya. Ana ta yabo, sai Glenda ta miƙe ta kawo hoton Landan na shekarun 1980 kamar yadda ta gani: marasa gida suna kwana a ƙofofin shaguna, littattafan makaranta an ɗaure su da salatif. Ta ce abubuwan da aka rene ta a kan cewa munanan halaye ne, wato haɗama da son kai da rashin tausayin mai rauni, a zamanin Thatcher an mai da su abin yabo. 'Yan ɗaya ɓangaren suka yi ta ihu, wani ya nemi shugaban majalisa John Bercow ya tsawatar, shi kuma ya ce ba ta karya wata ƙa'ida ba. Bidiyon ya yaɗu a intanet ƙwarai. Duk wanda ya kalla zai ga horon daɓe a ciki, yadda take ɗaga murya a kan hayaniya ba tare da ta rasa zaren jimlarta ba.

Hajiya_Mai_Littafi:
Na kalli jawabin, kuma ban ji daɗinsa ba. Kwana biyu da rasuwar mace, ba a ma binne ta ba, 'ya'yanta suna cikin makoki. Tana da shekara 21 a majalisar nan kafin ranar, tana da sauran ranaku bayanta. Ko da abin da ta faɗa gaskiya ne, lokacin bai dace ba, kuma inda ta taɓa matsayin Thatcher na 'ya mace ta wuce gona da iri.

Uwar_Biyu:
Hajiya, a zaman makoki na gida ina tare da ke ɗari bisa ɗari. Amma wannan zaman majalisa ne da aka kira don a auna mulkin shekara 11, kuma akwai garuruwan masu haƙar kwal da har yau ba su farfaɗo ba. Da kowa ya yi yabo, da rubutaccen tarihin majalisa ya nuna kamar babu wanda aka cuta.

Gimbiyar_Fage:
Mu koma kan tambayar Baba, domin ni na ga dawowarta da idona. A ƙarshen 2016 yayata da ke aikin jinya a Landan ta saya mana tikitin King Lear, wasan Shakespeare, a gidan wasa na Old Vic, kusa da tashar jirgin ƙasa ta Waterloo. Kujerunmu na can sama ne, inda gwiwa ke dukan bayan kujerar gaba. Deborah Warner ce ta ba da umarni, dandamalin kusan babu komai sai fararen allunan da ake haska lambar kashi da fitowa a kansu. Sai ga wata 'yar tsohuwa siririya mai shekara 80, cikin jar riga da baƙin wando, ta fito a matsayin sarkin da zai raba ƙasarsa tsakanin 'ya'yansa mata uku. Ba ta sa gemu ba, ba ta kwaikwayi tafiyar maza ba. Da ta buɗe baki ta tsine wa babbar 'yarta, har inda muke muryar ta iso kamar a kunnena take. A wurin hadari aka yi ta kaɗa manyan baƙaƙen ledoji kamar guguwa, tana tsaye a tsakiya ƙafafunta kamar sillen kara. Wasan ya haura awa uku, yayata ta yi gyangyaɗi, ni kuwa ko motsi ban yi ba.

A hanyar komawa gida na yi ta tunanin cewa wannan mata ta yi shekara 23 tana kallon masu mulki a kusa, ta ga yadda fadawa ke watsewa ranar da kujera ta kuɓuce. Ban yarda cewa za ta iya yin wannan sarki haka ba da ba ta zauna a can ba.

Tsohon_Ɗan_Daɓe:
'Yata, kin fi ni sa'a, gani ya kori ji. Amma wannan zance na cewa majalisa ce ta dafa mata Lear ba shi da hanyar tabbatarwa. Wadda ta yi Elizabeth tana da shekara 35 ba ta buƙatar a koya mata yadda mulki yake. Ni abin da na gani shi ne ta dawo tana da shekara 80, a 2018 ta ci lambar Tony ta wasan daɓe a New York da Three Tall Women na Edward Albee, a 2019 ta sake yin Lear a can. Idan ta iya wannan a shekara bakwai na ƙarshen rayuwarta, sai ku auna abin da 23 za su haifar.

Autar_Inna:
Ban san siyasar Birtaniya ba, don haka ba zan sa baki a can ba. Elizabeth Is Missing na 2019 kaɗai na kalla, inda ta fito a matsayin Maud, tsohuwa mai gigin tsufa da ke neman ƙawarta, tana rubuta wa kanta 'yan takardu tana cusawa a aljihu don kada ta manta. A lokacin ina jinyar mahaifiyata mai irin wannan lalura. Akwai yadda Maud ke fusata idan an gyara mata magana, fushin da a ƙarƙashinsa tsoro ne, wanda ban taɓa ganin wani ya nuna shi daidai ba. Inna takan tambaye ni ina 'yarta, alhali ni ce a gabanta riƙe da kofin kunu, idan na ce ni ce sai ta harare ni kamar na yi mata ƙarya. Sau uku na tsayar da fim ɗin kafin in iya gama shi. Na ji an ba ta lambar BAFTA, lambar yabon fim da talabijin ta Birtaniya, a kansa a 2020, kuma ban yi mamaki ba.

Ɗan_Damagaram:
Allah ya saka miki da alheri, Auta, ya ba da ladan jinya. Tambaya gare ku Malamai: an naɗa ta Dame, sarautar girmamawa da masarautar Birtaniya ke ba mata, kamar su Judi Dench kuwa? Kuma wa ya gaje ta a mazaɓar?

Mai_Bin_Siyasa:
Ba a naɗa ta ba, lambar girmamawa ta CBE, wadda ke ƙasa da Dame, ce aka ba ta tun 1978. Tulip Siddiq ta jam'iyyar Leba ce ta ci kujerar a 2015 bayan Glenda ta ce ba za ta sake tsayawa ba. Ɗanta ɗaya tilo, Dan Hodges, marubucin siyasa ne a jaridu, kuma sau da yawa ra'ayinsa ya saɓa da nata, a gida ɗaya kuma suka zauna a unguwar Blackheath, inda ta rasu ranar 15 ga Yuni 2023 tana da shekara 87.

Baƙon_Kilburn:
Baba, tun da da The Great Escaper ka buɗe zancen, ka lura cewa ita da Michael Caine sun taɓa fitowa a matsayin mata da miji a The Romantic Englishwoman tun 1975? Shekara 48 ke nan tsakanin finafinan biyu. Ban samu na farkon ba har yanzu, idan akwai wanda ya san inda ake kallonsa ya taimaka mini.